Rigimar Ƙafa Biyu

A jihar Minesota ta Amurka, inda tafkuna suka haura 10,000, akwai damuwar da ke hana wani magidanci barci. Kwale-kwalen shaƙatawa na alminiyom zai saya. To, mai ƙafa 14 ko mai 16?

Kada ka raina ƙafa biyun nan. Ƙaramin ba nauyi, ga shi yana shigewa gareji salin-alin. Amma iska na tasowa sai ya kama rawa kamar ƙwarya a kan ruwa. Babban yana zama daram, sai dai yana son babban inji, injin yana son mai, gareji kuma ya yi musu kaɗan, shi da mota. Dole mota ta kwana a waje. Ita ta jiyo.

Bawan Allah ya yi wata uku yana awo, yana neman shawarar maƙwabta. Kafin ya yanke, hunturu ya shigo, tafki ya daskare har motoci na bi ta kai.

Da ƙanƙara ta narke, ya sayi babban. Ya fita tun da asuba, ya kamo kifi ɗaya tal. Ya auna shi, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa.