Yadda Harafi Ɗaya Ya Kayar da Ni a Khartum

Da taƙama na sauka a Khartum. Na haddace Alfiyyar Ibnu Malik tun a zauren malaminmu a Kano, a unguwarmu kuwa har limami nakan yi wa gyaran wasali a zuci. A ganina, digiri kawai na zo karɓa.

Mai shayin bakin ƙofar jami'a ce ta fara sauke mini girman kai. Na jero mata Larabcin littafi, kowace kalma da wasalinta, ta dube ni ta ce, "Dayir shinu, ya zol?" Na nuna kofi da yatsa kamar kurma.

Mako na uku, Daktan tarihi ya ba mu aikin bincike, shafi goma, a kawo cikin sati biyu. Da baki ya faɗi taken, bai rubuta a allo ba. Ni dai kunnena ya ji "istiglal as-Sudan", da gain, wato yadda aka tatsi Sudan. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, domin ɗan Najeriya ba ya neman malami a kan tatsar Turawa.

Na tare a ɗakin karatu. Na rubuta madatsar Sennar da aka gama a 1925, da gonakin audugar Jazira, da yadda ake kwashe audugar zuwa masaƙun Lankasha a Ingila. Na haɗa da ƙaron Kurdufan. Wuta ta ɗauke, na ci gaba da fitilar waya, gumi yana ɗiga a takarda. Kwana goma abincina bosh ne, gutsattsarin burodi a ruwan wake, har na fara mafarkin tuwon shinkafa. Shafi goma aka ce, na yi goma sha biyar don a san Kano ta aiko mutum.

Ranar Juma'a na hau bas na tsallaka Farin Nilu zuwa Omdurman, in saka wa kaina da agashe, wato tsirenmu da Hausawa suka kai can. Mai tukubar dattijo ne Bahaushe, kakansa yana cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi a 1903. Na ba shi labarin aikina ina hura hanci.

Ya ajiye wuƙa. "Ɗan nan, a wane wata aka ba ku aikin?"

"Disamba, Baba."

Dariya ta kama shi har ya dafa tebur. Ya ce a Disamba kowa a ƙasar nan zancen 'yancin kai yake yi: ran 19 ga wata a 1955 majalisa ta ayyana shi, ran 1 ga Janairun 1956 Isma'il al-Azhari ya ɗaga tuta. "Istiƙlal" Dakta ya ce, da ƙaf. Mutanen nan idan sun tashi yin Larabcin littafi, ƙaf ɗinsu yakan zame ya koma gain.

Naman ya tsaya mini a wuya. Washegari ne ranar miƙa aiki.

Na miƙa hakanan. Dakta ya karanta taken a gaban aji, aka fashe da dariya, har da waɗanda ba su rubuta komai ba. Ya ce, "Ya waladi, na aike ka ɗaurin aure, ka dawo mini da labarin jana'iza." Na ce, "Dakta, ai sai da aka tatsa aka nemi 'yanci." Ya jinjina kai kamar zai yarda, sannan ya rubuta "maƙbul", makin da ke raba mutum da faɗuwa da ƙyar.

Ni da ban taɓa sauka daga na ɗaya ba a Islamiyya, na karɓi takardata da hannu biyu, na ce na gode. A gida kuwa na shaida musu cewa malaman Sudan sun karɓi bincikena, kuma ban yi ƙarya ba, ma'anar kalmar ke nan.