Awaki Biyu Sun Fita, Ci Gaba Ya Shigo

Masu cewa araha ba ta ado su zo gidanmu su ga ado. Bayan girbin bara ɗan ƙanwata ya shigo mana da kwamfutar tafi-da-gidanka, baƙa wuluk, tana sheƙi kamar an shafe ta da man gyaɗa. Ni ne na fara yi masa faɗa, yau kuwa na zo in janye maganata a gaban jama'a. Yaron ya yi dabara. Jajayen awaki biyu ya kora kasuwa, irin waɗanda ake kira jar akuyar Maraɗi alhali kowa ya san ƙasar Tasawa ce cibiyarsu. To me akuya ke tsinana wa mutum? Tagwaye, nono, taki, sai fatar da ake nema har ƙetare. Duk ɗawainiya ce. Ya rabu da su, ya cika da kuɗin wake, ya hau mota daga Urafane zuwa Tasawa, ya bi kwalta har Maraɗi, ya ajiye jaka saba'in da biyar, ya dawo da dabbar da ba ta cin harawa, ba ta shiga gonar kowa.

Mai shagon, Allah ya ƙara masa kasuwa, ko ƙarya ɗaya bai yi ba. Cewa ya yi na'urar ta ƙananan wasanni ce. Wane irin ƙanƙanta, wannan ba a tambaye shi ba, shi kuma ba mai shisshigi ba ne. Ya nuna masa ɗan tambarin da ke manne kusa da madannai. Yaro ya iso gida yana haki: "Kawu, i7 ce fa!" Kuma i7 ɗin ce, ba shakka. Sai daga baya wani malamin boko mai baƙin ciki ya duba lambar da ke biye, ya ga ta fara da 2, ya ce zuriya ta biyu ce, ta shekarar 2011. Wato shekarar da aka kashe Gaddafi, ƴan ci-raninmu suka yi ta kwararowa daga Libiya, lokacin mai na'urar ko famfara bai fara ba. Na ce masa malam, a garin nan ba a raina tsoho. Tsohon soja ma ai soja ake kiransa.

Babbar baiwarta ita ce tarbiyya. Tana da abin da ake kira ram, giga 4, wato tabarmar da take shanya aikin da ke hannunta. Windows ya shimfiɗa nasa kayan ya cinye kusan rabi, sashen da ke zana hoto ba shi da tabarmarsa don haka ya gutsiri tasa a nan, abin da ya rage shi ne rabon wasa. Da yaro ya nemi sa sabon eFootball, mai neman giga 8, sai ta ƙi cikin mutunci, kamar uwar da ta san abin da zai ɓata ɗanta. Ta tsayar da shi a kan PES 2013. A gidanmu har yau Messi saurayi ne a Barcelona, Ronaldo bai bar Madrid ba, ba wanda ya tsufa, ba wanda ya tafi Saudiyya. Wace na'ura mai tsada ce za ta riƙe maka ƙuruciya haka?

Ga koyar da haƙuri. Masana sun ce wasa ba ya tafiya sumul sai allo na sauya hoto kamar sau 30 a daƙiƙa. Tamu, da zarar jikinta ya yi ɗumi, ba ta son wannan gaggawar. Ɗan wasa zai ɗaga ƙafa ya tsaya cak, ka juya ka amsa sallama, ka tambayi baƙo mutanen gida, ka waiwayo ka tarar ƙwallo na kwance cikin ragarka. Ba ka ga shigarta ba, balle ranka ya ɓaci. Kunna ta ma ibada ce: faifan cikinta irin mai juyawa ne, kana danna maɓalli ka tafi ka dama fura. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to yaron nan ya kusa shan romo.

Madannanta kuwa na Faransa ne. Haruffa huɗun da ake tuƙa mutum da su a wasa irin GTA, wato W da A da S da D, a allon Ingilishi maƙwabtan juna ne. A nata W ta gangara ƙasa, A ta haye sama. Sati guda yaro na son gaba, mutuminsa na faɗawa rami.

Sai batir. A nan ne na gane mai shagon ya tausaya wa ƙanwata, wadda kullum kukanta yaro ba ya zama. Batirin yana riƙe wuta gwargwadon alwala da raka'a biyu. Tafi-da-gidanka ta zama zauna-inda-waya-ta-ƙare. A ƙauyenmu kuwa waya tana ƙarewa ne a rumfar mai caji, inda faifan sola ke ciyar da salular gari duka. Salula da wat goma ta ƙoshi, ita wannan 65 take sha, don haka mai caji yana karɓar kuɗin salula shida, yana kuma yi wa yaron addu'a kullum. Kada mutanen birni su yi mana dariya: wutarsu daga Katsina take biyowa ta Gazawa, kuma sun tuna yadda Najeriya ta yanke ta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai Maris na 2024 ta dawo. Mu tun can mun saba.

Da hunturu ba mu sayi itacen jin ɗumi da yawa ba. Kakar yaron takan miƙa tafin hannunta gefen da iska ke fita, ta ce Allah ya yi wa Nasara abin da ya dace da shi. Ƙurar da fankar ta haɗiya a watannin hazo ita ce ta toshe mata maƙogwaro, yanzu tana gurnani kamar injin niƙa. Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, sai aka ɗora ta bisa tubala biyu, ƙanensa na tsaye da mahuci yana yi mata fifita kamar dogari a gaban sarki. Duk da haka rana na take tsaka take mutuwa da kanta. Tun da aka kawo ta yaron bai rasa jam'in azahar ba.

Dole kuma a gode wa waɗanda suka aiko. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya janye kulawa daga Windows 10, Windows 11 kuma ba ya karɓar injin Intel da bai kai zuriya ta takwas ba. Ofisoshin Turai da Amurka suka share ɗakuna, kuma cikin duk mutanen duniya mu suka tuna. Kaya na sauka a Lome da Legas, su biyo ta Kano, su tsallako Jibiya. Gaskiya ne a 1991 ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniya a Bamako cewa ba za a ƙara shigo musu da shara mai guba ba. Amma abin da aka danna ya kawo haske ai ba shara ba ne, sunansa na hannu. In ya mutu a nan, yara su samu abin wasa a juji, gubar dalma ta bi ruwan sama inda Allah ya nufa.

Malamin nan dai bai haƙura ba. Wai da yaro ya jira girbi ɗaya ya ƙara kuɗi, ya nemi ko i5 ce ta zuriya ta takwas mai giga 8 da ma'ajiyar SSD, da ta yi wa wannan fintinkau. Wai kafin ya biya, ya zare wayar caji ya ga minti nawa za ta rayu, ya sa wasan a cikin shagon ya buga rabin awa yana taɓa ƙasanta, kada ya yi cinikin biri a sama. Wai ma salula ta wannan kuɗin da ta fi ta gudu. Na ce malam, ji tsoron Allah. Mutum ya ba ka kujera, ya saya maka ruwan sanyi, ya kira ka Alhaji kana ɗan shekara sha tara, sannan ka tsaya gwada kayansa a gabansa? Ina kunya?

Wanda nake tausayi shi ne mutumin da ya sayi awakin. An ce duka biyun sun haihu, kowace tagwaye, ga shi rani ya yi nisa, baki shida zai nema wa dusa. Namu yaron hankalinsa kwance. Jiya da la'asar na hango shi yana zagaya ragon uwarsa, yana taɓa gadon bayansa. Da ya gan ni sai ya matso ya rage murya: "Kawu, an ce in aka sa mata sabon batir da fanka, kamar sabuwa take komawa."