Birnin Tururi da Kazar da Ke Jan Jirgi

A shekarar 2009 wani mutumin Suwidin mai suna Markus Persson ya saki wasan kwamfuta mai suna Minecraft, duniyar da komai nata bulo ne: ka haƙa, ka ɗauka, ka jera. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da kwafi sama da miliyan 300. Cikin masu sayen akwai ɗan yayata, ɗalibin jami'a da tun bai gama aji ɗaya ba ya hana kowa kiransa da sunan yanka. Injiniya ake ce masa. Shi ya zo mini da dogon littafin rubutu a hammata, ya ce zai gina birni, kuma ya naɗa ni magajin gari.

Ba kowane irin birni ba. Salon da Turawa ke kira steampunk yake so, wato a ƙaddara cewa duniya ta ci gaba amma ba ta rabu da injin tururi na zamanin Sarauniya Biktoriya ba, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901. Marubucin Amurka K. W. Jeter ne ya raɗa wa salon suna a 1987, tushensa kuwa yana komawa ga littattafan Jules Verne da H. G. Wells. Bututu ta ko'ina, hayaƙi, gargare masu haƙora suna cizon juna, tagulla na ƙyalli, kowa da tabarau a goshi. Littafin Injiniya cike yake da zane: hasumiyar agogo, unguwar maƙera, tashar jirgi. Na ce a yi tashar irin ta da, tunda jirgin ƙasan da ya fara isowa Kano a 1911 ma tururi ke jan sa. Ya ce, "Kawu, ka fara fahimta."

Abin da babu a littafin shi ne lissafi, ko layi ɗaya.

Minecraft zalla ba shi da injuna masu juyi, sai an ɗora masa ƙarin manhaja da ake kira mod. Wadda masu wannan salo suka fi rububi ita ce Create, da ta fito a 2019, kuma a kan bugun Java na kwamfuta take aiki, ba a waya ba. Dole lambar bugunta ta dace da ta wasan, in ba haka ba wasan ya buɗe ya rufe ko sallama babu. Wannan ya ci mana maraice guda, tsohuwar kwamfutata tana nishi, ana ɗauke wuta ana kawowa.

Da muka shiga, Injiniya ya fara da ado. Ya rufe rufin kowane gida da jan ƙarfe, wanda aka ƙara wa wasan a 2021, birni ya yi ja jawur, ya ɗauki hoto ya tura wa abokai. Sai dai jan ƙarfen Minecraft yana tsatsa kamar na gaske, mataki huɗu, daga ja zuwa kore shar. Muna can muna haƙar dutse, muka dawo muka tarar da unguwar maƙera ta yi dabbare-dabbare. Maganinsa a kankare da gatari, sannan a shafe da saƙar zuma, bulo ɗaya bayan ɗaya. Ita saƙar kuwa da almakashi ake yanko ta daga gidan ƙudan zuma, kuma sai an hura wuta a ƙarƙashi hayaƙi ya lallashe su. Injiniya ya san wannan sarai. Bai dai ga dalilin da zai sa ya faɗa wa magajin gari ba kafin ya miƙa masa almakashi. Gudun da na yi ya kai ni har cikin kogi, yana tsaye kan rufi yana cewa, "Sannu Kawu, ka ga sun bar ka ai."

Sai aka zo kan injuna, inda Create ke nuna halinta. A nan babu wayar lantarki, komai juyi ne da ake ɗaukowa daga fankar ruwa ko ta iska, a bi da shi ta sanduna da gargare da bel. Kowane mai ba da ƙarfi yana da iyakar nauyin da zai ɗauka. Ƙaramar fankar ruwa tana ba da awo 256, tana juyi 8 a minti. Injin matse ƙarfe kuwa yana cin awo 8 a kan kowane juyi, don haka in ka hanzarta shi zuwa 32, ya lashe fankar gaba ɗaya. Injiniya ya gano cewa in babban gargare ya ciji ƙarami, gudu yana ninkawa. Ya ninka, ya ƙara ninkawa, yana murna, ya jona injin niƙa da na gauraya a layi guda. Birni ya yi tsit. Ba injin ƙarshe kaɗai ya tsaya ba, duk abin da ke kan layin ne ya ƙame, har agogon hasumiya. Kamar Keke Napep ne da aka labta wa buhun masara ashirin, a ce laifin kan tudu ne.

A nan ne tabarau ya yi rana. A zanen steampunk kwalliya ce kawai, amma a Create in ka sa tabaran injiniya ka dubi inji, zai nuna maka nawa yake ci, nawa ake ba shi. Injiniya ya daɗe da sa nasa don hoto. Ranar ce ya fara karanta abin da ke ciki, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce fankar ce ba ta da inganci.

Don ƙarin ƙarfi ya hau hasumiya ya kafa fankar iska. Ana manne sassanta da gam, ka danna kusurwa ɗaya ka danna ɗaya, duk bulon da ke tsakani ya zama jiki guda. Hannunsa ya zarce. Da ya kunna, fanka ta juya, tare da ita bangon saman hasumiya, da ɗakin magajin gari, da akwatin da na tara duk ƙarfen da na haƙo. Muka tsaya a ƙasa muna kallon dukiyata tana zagaya sama a natse. Ya ce in an duba da kyau, abin ya dace da salon.

Har zuwa lokacin, birnin tururi bai ga tururi ba. Injin tururi da jirgin ƙasa sun shigo Create ne a 2022, kuma tukunyar tana neman abu uku: girma, ruwa da zafi. Wanda ya fi ƙaranci a cikinsu shi ke yanke ƙarfinta. Zafi mai kyau sai an je Nether, lahirar wasan, an kamo wata halittar wuta mai suna blaze a cikin keji, ita ce kuma ke narka jan ƙarfe da zinki su zama tagulla. Tukunyar ba ta fashewa, wanda a ganina rahama ce ga wannan gida. Wanda aka tura kamun kuwa, ba sai an tambaya ba.

Jirgin dai ya tashi. A Create, duk dabbar da ta zauna a kujerar gaban sitiyari, in ka miƙa mata jadawalin tafiya, ta zama direba, har hula take samu. Injiniya ya so ya ɗauki ɗan ƙauye mai kamala daga cikin mutanen wasan. Kafin ya jawo shi, wata kaza ta bi ta kan kujerar ta zauna daram. Ya gaji, ya miƙa mata jadawali.

Tun daga ranar ba ta makara ba, ba ta ɓata hanya ba. Tana tsayawa a tashata 'yan daƙiƙu, kamar yadda aka rubuta mata, kwamfutata kuwa kafin ta gama nuna jirgin ya iso, ya riga ya wuce. Na kai ƙara wajen Injiniya cewa a ƙara lokacin tsayawa. Bai ɗago daga littafinsa ba, inda ya fara zana jirgin sama mai balan-balan, ya ce, "Kawu, kai ne magajin gari. Ka rubuta mata takarda."