Daren da Aka Zo Ta'aziyyata

Ina tsakiyar cin tuwo na ji sallama a ƙofar gida, irin mai sanyin nan da ake yi a gidan rasuwa. Na fito hannu duk miyar kuka, sai ga kawuna da limamin unguwa. Liman na ganina ya ja da baya yana salati.

Kawu ya ce, "Kai, ba kai ne ka rasu da la'asar ba?"

Na ce, "Wallahi Kawu ban samu labari ba."

Ya miƙo min wayarsa. Ga hotona na ranar ɗaurin aure, babbar riga da hula, a ƙasa an rubuta da Turanci cewa na riga mu gidan gaskiya da bashin mutane a wuyana.

Ni kuwa a unguwa ni ake kawo wa waya a duba ko saƙo na 'yan damfara ne. Tun 2016 da hukumar NCC ta fito da lambar 2442 na tura mata STOP, tallace-tallace suka ragu. Lambar BVN ɗina ko uwargida ba ta sani ba. Ashe ɓarawon ta ƙofar gida zai shigo: ƙanena ya ari wayata wai zai duba sakamakon jarrabawa, ya sauke manhajar bashi, ya karɓi naira dubu goma sha biyar. Manhajar ta nemi izinin ganin lambobi da hotuna, ya danna mata. Da wa'adi ya cika bai biya ba, masu manhajar suka bi duk wanda ke cikin wayar da saƙo, har da mai gyaran janareta da surukata.

A 2022 ne wannan, shekarar da hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Legas. Sai a 2023 Google ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan mutane, a shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Duk an kyauta, amma ni lokacin an riga an kashe ni.

Kafin isha'i an shimfiɗa tabarmi. Duk wanda ya zo sai ya tarar da mamacin yana zuba wa baƙi ruwa. Wata gwaggona da ta taso daga Wudil ta ce tunda ta riga ta biya kuɗin mota, sai ta ƙarasa kukanta. Ƙanen nawa kuwa ya haura katanga.

Na ƙarshen zuwa shi ne mai shagon bakin layi, da littafinsa a hammata. Ya zo ne ya shaida wa liman yana bina kuɗin shinkafa kafin a kai ni makwanci. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi hamdala, ya buɗe littafin.

"Malam, tunda Allah ya dawo da kai, ai ba sai mun jira rabon gado ba."