Ranka Ya Daɗe, Zaƙami

Manomin rake a Makarfi sai ya kusa shekara yana ɗawainiya kafin ya ga kwabo. Mai tumatir a fadamun Hunƙuyi da Ikara ga kuɗin taki, ga na man injin ban ruwa, ga tsutsar da ta cinye gonaki a 2016. Amma akwai bawan Allah guda da bai taɓa roƙon kowa noma ko feshi ba. Ruwan farko na sauka zai leƙo a juji, a kango, a tsohon makwancin shanu. Ba a banza aka naɗa shi babba-jibji ba. Zaƙami ke nan, haukata-yaro, mai kyauta ba a roƙa ba.

Ga shi da kwarjini: fure fari, dogo kamar kakakin fada, 'ya'ya ƙwallo mai ƙaya cike da ƙwayoyi. Akuya, wadda ba ta barin ko leda, takan shinshina ganyensa ta yi gaba. Dabba ce, ina ta san daɗi? Sai ɗan Adam mai hankali ne ya gano a jiƙa ƙwayoyin a zuba cikin zoɓo ko kunun zaƙi ranar biki, wani lokaci ma ba tare da an gaya wa masu sha ba, don kada a ɓata musu mamaki.

Maganinsa kuwa ba ƙarya. Tun da can masu fuka kan shaƙi hayaƙin busasshen ganyensa ƙirji ya buɗe, akan kuma ɗora ganyen a kan kumburi. Sinadaran da ke cikinsa, atirofin da hayosin, har gobe likitoci na aiki da su. Sai dai likita marowaci ne, awonsa bai fi ɗigo ba. Zaƙami ba ya wannan ƙwauron. Wannan tushe da na kusa da shi ba ƙarfinsu ɗaya ba, saboda haka abin da ya sa wani dariya jiya shi zai tsayar da numfashin wani yau. Kowa da rabonsa.

A dubi saurayin da ya dace. Maƙogwaro ya bushe, baƙin ido ya buɗe har rana ta gagare shi kallo, jiki zafi rau ba ɗigon gumi, fitsari ya ƙi fita. Yana tsince ƙwarin da shi kaɗai ke gani a jikin rigarsa, ya durƙusa ya gaida turmi, ya tuɓe a tsakiyar kasuwa. In Allah ya sa da sauran kwana, bayan kwana biyu ko uku ya farka bai tuna komai ba. Wane aboki ne ke rufa asiri haka? 'Yan unguwa ne dai masu surutu.

Ba mu kaɗai ya yi wa alheri ba. A 1676 sojojin Ingila a Jamestown ta Amurka suka dafa ganyen wani ɗan'uwansa suka ci, suka yi kwana 11 suna shirme. A 2019 ƙwayoyin ɗan'uwan nan nasa suka shiga garin kunun agaji a Karamoja ta Uganda, ɗaruruwa suka kwanta, wasu ba su tashi ba. A nan gida gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, farashi ya tashi, samari suka shiga uku. Zaƙami bai ƙara ko sisi ba. To, jami'in NDLEA wane juji zai kama?

Abin da ya fi burge ni shi ne tawali'unsa. Ya gama aiki tsaf, ba ya son a ambaci sunansa. Yaro na fizge-fizge, maimakon a nufi asibiti da shi tun da wuri, sai uba ya aika a kira mai ruƙiyya, kaka ta ce iska ce, a kawo turare. Uwa kuwa ta riga ta san mai aikin, tun da asuba ta daina amsa gaisuwar kishiyarta.