Kwanar da Ba a Sha Ba

Gara ku ji daga bakina tun kafin bidiyon ya iso wayoyinku, domin ƙanin matata ne ya ɗauka, kuma ya yanke farkon, daidai wurin da ake ganin ina tuƙi irin na masana.

Wasan namu na zagaye jarkoki ne. A Amurka 'yan robobi masu tsini ake jerawa a filin ajiye motoci, mota ɗaya ta shiga ana duba agogo, duk robar da ka ture a ƙara maka sakan 2. Mu a Kano jarkokin man gyaɗa muke jerawa ranar Lahadi a harabar masana'antar da ta daina aiki, irinsu kuwa ba sa wuyar samu. Bompai ta fi kusa da ni, amma can hedikwatar 'yan sanda take, kukan taya kuma ba ya riƙe sirri. A Sharada tireloli ba su san Lahadi ba. Shi ya sa muka tare a Challawa, ta hanyar Panshekara, tsakiyar kamfanonin jimar fata, inda hanci ke riga ido sanin an iso.

Motata Golf 3 ce, kuma ba ta son kwana. Tayoyin gaba ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinta, su ke ja, su ke juyawa, su ke yawancin aikin birki, na baya rakiya kawai suke yi. In ka shigo kwana da wuta sai na gaban su saki ƙasa, kana murɗa sitiyari mota na tafiya inda hancinta ya dosa. Na yi karatu a kan abin, na san maganinsa: a kwantar da kan tayoyin gaba ciki, don in mota ta kishingiɗa a kwana tayar waje ta zauna daram, a buɗe bakinsu waje kaɗan, a ƙara wa na baya iska, a sa wa gaba roba mai kama ƙasa.

Na kai ta wurin wani mai alaimen a Sharada, wanda kayan aikinsa zare ne da tef da idon da Allah ya ba shi. Na ce ina son digiri 2. Ya ajiye sifana.

"Yallaɓai, tun ina yaron shago mutane ke biyana in miƙe musu taya. Kai za ka biya ni in karkata maka? Za ta cinye ta ciki fa."

Na ce na sani. Ya ce to kuɗina ne. Ya sassauta kusoshi biyun da ke ƙasan shokozoba, ya sa yaronsa ya jingina da tayar, sannan ya waiwayo ya tambaye ni ko ya kai digiri biyun. Na runtse ido ɗaya na ce ya kai.

Saura roba. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Ikeja a 2008, mai ƙaramin ƙarfi ya koma hannun 'yan Beljiyam. A wajen Ƙofar Ruwa na samu guda biyu, 185/60 R14, zanensu har yatsa ke nutsewa. Na duba lambobi huɗun nan na gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Jami'an kiyaye haɗurra shekara 4 suke ba taya, waɗannan kuwa sun girmi aurena. Mai tayar ya ce a ƙasar sanyi taya ba ta tsufa. Na nuna masa wani tambari, hoton dutse mai kawuna uku da furen ƙanƙara a ciki.

"Alamar sanyi ce, Alhaji. Ko Maiduguri za ka, ba ta ɗaukar zafi."

Tayar dusar ƙanƙara ce, robarta laushi gare ta, an yi ta ne don lokacin da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, a kan kankare mai zafi kuwa lanƙwashewa take ta yi. Wannan bayani ya iso ni daga baya, daga bakin mutanen da suka yi shiru lokacin da maganarsu ke da amfani.

Ranar Lahadi hunturu ya shimfiɗa ƙura a harabar. Jarkokin farko na wuce su lafiya, wannan shi ne wurin da aka yanke. Sai kwanar ƙarshe, wadda ake zagaye jarka ɗaya a dawo. Bayan jarkar akwai fili, bayan filin akwai buɗaɗɗen lambatu, a cikinsa ruwan jima ne ke tafiya a hankali, toka-toka da shuɗi-shuɗi, ruwan gishiri da farar ƙasa da maganin tuge gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Fatar Kano ta daɗe da suna, har Turawa suka yi ta sayenta da sunan fatar Maroko. Wannan tarihi yana da ruwan wanki, kuma ga shi nan a gabana.

Na murɗa sitiyari hagu. Motar ta ji, ta fahimta, ta ci gaba da tafiya miƙe.

Na ƙara murɗawa har ya ƙure. Ilimi ya ce in tayar gaba ta saki ƙasa, ƙarin murɗawa ƙarin saki ne, a ɗaga ƙafa daga totur a ɗan warware sitiyari. Ilimin yana nan a kaina, ina jin muryarsa. Amma ƙafata ta dama, ba tare da ta shawarci kowa ba, ta taka birki har ƙasa. Golf ɗin ba ta da na'urar hana taya ƙullewa, tayar da ta ƙulle kuwa ba ta san hagu ba, ba ta san dama ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne rashin gudun. Da a guje na faɗa, da an kira shi haɗari, da yanzu ana zuwa min jaje da lemo. A'a. Sulalewa muka yi, ni da ita, kamar loma a cikin miyar kuɓewa. Na samu lokacin kallon ƙanin matata yana gyara riƙon waya. Na samu lokacin ganin mai rake ya tura baronsa gefe, ya tuna ya bar wuƙarsa, ya dawo ya ɗauka, ya koma. A rediyo ana sanarwar ɗaurin aure, na ji sunan ango, na ji na amarya, na ji masallacin da za a ɗaura. Jarkar da na zo zagayewa ta wuce ta gefen tagata, ko ƙwarzane babu, muka kalli juna. Hannayena biyu a harɗe kan sitiyari, kaina ya juya hagu yana kallon inda ya kamata a ce muna, sauran jikina da motar muna tafiya gabas.

Sai tsulum. Hanci a ruwa, baya a sama, tayoyin nan da na sa mai faci ya ɗura wa iska 40 suna kallon jama'a.

Wurin ya yi tsit. Daga nan muryar ƙanin matata ta taso, cikin ladabi:

"Yaya, in tsayar da agogon ne?"

A nan Baba maigadi ya shigo labarin. Ya taso daga bencinsa da 'yar rediyo a hannu, ba gaggawa. Ya ce a zamaninsa yaron mota ne, ya yi Kano zuwa Legas a bayan gingimari har gashinsa ya fara fari, sitiyari ne kawai Allah bai nufa ya riƙe ba. Ya tsaya bakin lambatun ya daɗe yana nazari, sannan ya leƙo ta taga.

"Sannu, ɗan nan."

"Yauwa, Baba."

"Ka ga kwanar, can take." Ya nuna min da sandarsa. "Da ka juya sitiyarin."

Na nuna masa tayoyin gaba, ga su nan rabi a ruwa, a murɗe har ƙarshe.

"To ai yanzu ka juya. Tun a can ake juyawa."

"Tun a can na juya, Baba."

"To ba ta ji ba ke nan. Ka yi hon?"

Na ce hon na mene ne, lambatu ne a gabana. Ya ce direban kirki ba ya raina abin da zai yi wa hon. Ya ce babban kuskuren tafiyar shi ne rashin yaro. Da akwai yaro a baya da weji, da tuni ya dira ya cusa, don shi da hannunsa ya taɓa tsayar da mota cike da buhunan gyaɗa a gangaren Jebba. Na ce ina yaro zai zauna a Golf. Ya ce a but.

Ya ƙara da cewa su a da, direba tun daga nesa yake rage wuta, ya sa giya ta biyu, ya shiga kwana a hankali, sai ya ga hanya ta miƙe sannan ya ba ta totur. Kuma da mun ba shi na goro da safe, da ya share mana ƙurar nan tas, don ko akuya santsi take a kanta. Ku ji fa. Mutumin da bai san digiri ba.

Fita ta zama dole. Na buɗe ƙofa, na miƙa ƙafa ina laluben bakin kankare, na samu ruwa har ƙwauri, da ɗumi. Baba ya ce kada in damu, ruwan nan yana kashe ƙaiƙayi, duba yadda yake gyara fata. Aka kira 'yan dako daga wata tirela, suka kama bamba, Baba ya ja gefe ya karɓi ragamar aiki.

"Ku ɗaga ta sama! Sama na ce, ba ƙasa ba! Kai direba, sa ribas!"

Direban yana tsaye kusa da shi, ƙafa ɗaya shuɗiya.

Da ƙyar aka fito da ita tana ɗiga. Na sallami 'yan dako, na ba Baba na goro. Ya karɓa ya sa albarka, ya zagaya gaban motar, ya tsuguna, ya runtse ido ɗaya, ya girgiza kai.

"Ɗan nan, faɗuwar nan ta karkata maka tayoyin gaba, dubi yadda kansu ya kwanta ciki. Amma kada ka damu. Akwai wani yaro a Sharada, da zare kawai zai miƙe maka su."