Yadda Na Zama Alhaji Ba Tare da Na Je Makka Ba

Ɗan yayana da ke aiki a Amurka ne ya aiko mini da ita, iPhone 14, a cikin farin kwalinta. "Baffa, ka huta da wahalar tsohuwar wayar nan," in ji shi. Ni dai ban san ina wahala ba. Tecno ɗina layi biyu take ci, ga katin mimori maƙare da karatun Alƙur'ani da waƙoƙin Shata, in an ɗauke wuta kuma ba ta saurin suma. Amma kyauta daga ƙasar waje ba a mayar da ita.

Tun a wurin sa layi aka fara. Na juya ta gaba, na juya ta baya, na ari allurar uwargida ina zungurar duk ramin da na gani, har da na lasifika. Da abin ya gagara na nufi kasuwar Farm Centre. Wani yaro mai gyara ya karɓa, ya dube ta, ya dube ni, ya gyara tsayuwa.

"Alhaji, ai wannan 'yar Amurka ce. Tun 2022 waɗanda ake sayarwa a can ba su da gidan sim, sai eSIM."

Wato layin da ba a gani, ba a taɓawa, sai dai a je ofis a bi layi a dasa maka shi. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne Alhajin. Shekara da shekaru ina shiga kasuwar nan, Malam ake ce mini. Ranar kuwa gilashin kare fuskar waya ma farashin alhazai aka yanka mini, na biya ina murmushi.

Babban yatsana kuwa ya ƙi karɓar canjin gwamnati. A Android maɓallin komawa baya yana ƙasa, inda yatsa ke hutawa. A nan sai ka miƙa can sama ta hagu, ko ka shafo daga gefe. Ni kuwa ƙasan nake dangwala, ba abin da ke motsi, in na ja da ƙarfi ta watso ni waje gaba ɗaya. Akwai kuma wani ɗan makunni a gefenta da nake ta wasa da shi saboda daɗin ƙas-ƙas ɗinsa. Ashe na kashe ƙara ne. Surukata ta kira har ta gaji, ta aiko jikanta da saƙo: a gaya wa maigidan, an ji ya yi babbar waya, Allah ya sanya alheri.

Babbar asarar a WhatsApp aka yi ta. Android a Google Drive take ajiye hirarraki, iPhone kuma a iCloud, kuma rumbunan biyu ba sa ga maciji. Akwai manhajar Move to iOS da ke kwaso kayan, amma sai a lokacin da ake saita waya tun farko, ni kuwa yaron kasuwa ya riga ya saita mini, uwargida kuma ta riga ta gaje tsohuwar, ta sa an goge ta tas. To a cikin hirarrakin nan duk masu cin bashina suke, kowa da muryarsa: "Malam, wallahi ƙarshen wata." Labari ya bazu cewa shaidu sun ƙone. Wanda nake bi dubu ashirin ya tuna cewa dubu biyar ce, wani ma ya rantse kyauta na ba shi. Masu bina bashi kuwa ko harafi bai ɓace musu ba, har turo mini muryata suke yi don tuni.

A majalisarmu ta ƙofar gida, waya kayan jama'a ce. Wani ya samo sabon wa'azi ko bidiyon dambe, kafin shayi ya huce ya zaga kowa, caja ɗaya kuma ta ishi mutum goma. Na ce a turo mini ta Bluetooth, aka yi ta nema, wayata ta ɗauke kai. Ita AirDrop ta sani, shi kuma a lokacin sai tsakanin 'yan gida ɗaya, a majalisar kuwa ba ta da dangi ko ɗaya. Katin mimorina babu inda zan cusa shi. Ramin iyafis an daina yi musu tun 2016. Caja kuwa, kowa ya miƙo tasa, daga mai ƙaramin baki har Type-C, babu wadda ta shiga. Wani ɗalibi ya yi mini bayani cewa dokar Tarayyar Turai ta sa iPhone 15 ta koma Type-C a 2023. Da ɗan yayana ya yi haƙurin shekara ɗaya, da yanzu ina cikin mutane. Haka na zauna kamar baƙon da ya zo biki da babbar riga aka manta ba a ba shi tabarma ba, wayar ta mutu a hannuna, amma ana ta karɓa ana shafa tambarin tuffan da ke bayanta.

Hoto dai tana ɗauka, gaskiya. Ni ne yanzu mai hoton unguwa, suna da ɗaurin aure, kyauta. Gigabait biyar ɗin da iCloud ke bayarwa ya cika da amaren mutane, kullum tana roƙona in sayi ƙarin wuri. Kuɗin shayin majalisa ma ya dawo kaina, don an yi ittifaƙi cewa mai irin wannan waya ba ya rasa canji.

Jiya da daddare na lallaɓa wurin uwargida, na ce ta ara mini Tecno in saurari Shata ko na rabin awa. Ta ce ba komai, amma tukuna mu yi maganar kuɗin cefane.

"Wane cefane kuma? Ba na ƙara miki da azumi ba?"

"Wancan ƙarin Malam ne ya yi shi," in ji ta, ta tura wayar ƙarƙashin matashi. "Yanzu da Alhaji nake magana."